Kwana Talatin da Ɗaya Babu Agogo

Sunana Haliru. Mahaifina ladan ne a wani ƙaramin masallaci kusa da Hubbare, karatuna na boko kuwa bai wuce Midil ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya zaci masanin kimiyya ne ke magana. Ni mai karanta allura ne kawai, kuma zan ba da labarin tafiyata Ingila daki-daki, yadda ta faru.

Wani Bature malamin fiziks, Dokta Wilmot, ya gina ɗakin awo a bayan garin Sakkwato, wanda muke kira tasha, babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a jikinsa. A ciki akwai allurar maganaɗisu rataye da siririn zare a akwatin gilashi. Aikina shi ne in ajiye makulli da wuƙa a waje, in shiga in leƙa madubi, in rubuta inda allurar ta nuna, in rubuta lokacin da agogon tasha ya nuna. Sau huɗu a yini, shekara shida. Dokoki uku ya kafa mini. Na ɗaya, kada ka shiga da ƙarfe. Na biyu, kada ka goge abin da ka rubuta. Na uku, kada ka rubuta lokacin da idonka bai gani a agogon tasha ba.

Akwai wata mujalla ta malaman fiziks mai shuɗin bango da ke zuwa masa ta gidan waya. Lokacin da na kama aiki siririya ce, sau huɗu take zuwa a shekara, Dokta har fifita yake yi da ita idan zafi ya matsa. Kafin shekara shida ta yi kauri, ta koma wata-wata, kuma idan ta iso a tsaye yake buɗe ta, ko hula bai cire ba, yana bin sunayen da ke ciki da yatsa. Ya taɓa ce mini, "Haliru, da can roƙon mutane take su kawo mata rubutu. Yanzu daga Indiya, daga Amurka, daga Japan, kowa layi yake bi."

Bayan ya koma gida ya rubuto mini wasiƙa. Zai aika wa mujallar sakamakon aikinmu, amma yanzu ba ta karɓar rubutu sai ta ga littattafan awo na asali. Ya ce in kawo su da kaina, in zauna wata tara in koyi gyaran na'ura. Idan na samu takardar shaida daga hannunsa, ni za a bar wa tashar idan Turawa sun tafi, don a lokacin maganar mulkin kai ta cika ko'ina. Idan ban samu ba, za a rufe ta ko a kawo wani.

Zango na farko: teku

Daga Ikko muka shiga jirgin ruwa. Kayana biyu ne: akwatin fata mai tufafina, da akwatin kwano mai littattafai goma sha takwas, makullinsa a wuyana. Kwana uku na farko amai na yi ta yi. Abin da ya fi aman damuna shi ne alƙibla, don jirgi na juyawa ba tare da ya sanar da kowa ba. Wani kuku mutumin Saliyo ya lura nama ba ya shiga bakina, sai ya riƙa ajiye mini shinkafa da kifi a gefe. Bai taɓa tambayata dalili ba, ni kuma ban taɓa sanin sunansa ba. Kullum da safe ina buɗe akwatin kwanon in ƙirga littattafan, in rufe.

Zango na biyu: Libaful

Mun sauka cikin yayyafi. Ina tsaye ban san inda zan nufa ba, sai wani Bature mai hular hana-salla da lamba a ƙirji ya zo da fara'a, ya ce shi ke kai baƙin gwamnati tashar jirgin ƙasa. Ya ɗauki akwatin fata, ya miƙa hannu ga na kwanon. Na ce wannan ba ya barin hannuna. Ya yi dariya, ya ce in jira nan ya kawo mota. Na jira har wurin ya watse.

A cikin akwatin nan akwai manyan riguna biyu, da bargon da mahaifiyata ta sa aka saƙa mini, da kilishi, da buta. Na zauna a kan akwatin kwanon, haƙorana na haɗuwa, na ce a fili, "Wanga wane irin gari na?"

Sai na ji an fashe da dariya a bayana, aka ce da Hausa, "Wanga! Kai, Basakkwace, me ya kawo ka bakin ruwa? Ku da ba ku san wani ruwa ba sai Rima!"

Wani dattijo ne gajere cikin baƙin kwat. Sunansa Ɗanjuma, Bakano, ya yi shekaru yana zuba gawayi a jiragen ruwa har ya zauna a garin. Na faɗa masa abin da ya faru.

"Mai lamba a ƙirji? To ai kai ne na uku a watan nan. Me ka hana shi?"

"Littattafai."

"Ka ba ɓarawo bargo, ka riƙe takarda." Ya girgiza kai. "Tashi, na Shehu, kafin ka daskare a ce ni na kashe ka."

Ya kai ni ɗakinsa, ya dafa mini shayi, ya ba ni tsohon kwat ɗinsa wanda hannuwansa ba su kai mini wuyan hannu ba. Washegari ya sa ni a jirgin ƙasa, ya rubuta adireshinsa a bayan tikitina. Har jirgi ya tashi yana kwaikwayon maganata a bakin taga: "Mi kac ce? Mi kac ce?"

Zango na uku: garin jami'a

Gari ne mai masaƙu da hayaƙi. Gidaje huɗu na ƙwanƙwasa neman ɗaki, ko'ina da an buɗe ƙofa an gan ni sai a ce an riga an kama. A na biyar wata tsohuwa, Misis Garsaid, wadda mijinta ya rasu a yaƙi, ta dubi kwat ɗin, ta dubi akwatin, ta ce, "Ba ka shan giya?" Na ce ba na sha. Ta ce, "To shigo, kana shigar mini da sanyi."

Abin da ya fi ci mini rai a garin nan ba sanyi ba ne. Rashin inuwa ne. Ni ɗan ladan ne, tun ina ƙarami da inuwa nake sanin lokaci. A can sai a yi mako biyu ban ga tawa ba. Ina sallar azahar da agogo, zuciyata ba ta natsu ba, ina tuna farfajiyar masallacinmu da tsakar rana, da mahaifina tsugune yana duban ƙasa.

A jami'a na ga matsayin mujallar nan da idona. Ranar da sabuwa ta iso ɗakin karatu, manyan malamai masu furfura ke tsayawa suna jiran juna. Wanda sunansa ya fito, ana gaishe shi a baranda. Wanda aka maido masa da rubutunsa, sai a daina yi masa maganar. Na kuma gane abin da Dokta bai faɗa mini a wasiƙa ba: akwai kujerar farfesa da za a cike, shi da wani malami ke nema, kuma wanda ya fara fitowa a mujallar shi ke da ita.

Dokta yana da mataimaki, Mista Kreg, shi aka ba aikin kwafe littattafaina. Mutum ne mai saurin hannu da saurin baki. Wata Juma'a da hantsi, sanyi ya fara sauƙi, aka kira ni ofis. Littafi na goma sha biyar na buɗe a kan tebur.

Kreg ya ɗora yatsa a kan shafin. "Mene ne wannan? Kwana talatin da ɗaya gurbin lokaci babu komai. Sai wannan zanen tsutsa a gefe."

Na ce ba tsutsa ba ce, ajami ne, kuma abin da na rubuta shi ne "zawali".

Ga yadda abin ya faru, kuma haka na faɗa musu. Da kakar shekara ta biyar Dokta ya tafi hutu, sai agogon tasha ya tsaya. Na aro agogo biyu, ɗaya na wani akawu, ɗaya na wani ɗan kasuwa. Ranar farko suka saɓa da kwata, kafin mako saɓanin ya ƙaru. Ban san mai gaskiya a cikinsu ba, doka ta uku kuma tana nan. A daidai kwanakin ne allurar ta shiga wani irin kaɗawa da ban taɓa gani ba, na ga bai kamata a bar ta ba a rubuta ba. Sai na koma ga aikin mahaifina. Ana kafa sanda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a zana da'ira kewaye da ita. Da hantsi inuwa na gajarta, idan kanta ya taɓa da'irar a yi alama. Da yamma tana tsawo, idan ya sake taɓawa a yi alama. A raba tsakanin alamun biyu, a ja layi zuwa gindin sanda. Daga ranar, duk lokacin da inuwa ta kwanta a kan layin nan, rana ta raba tsaka. Wannan shi ne zawali, da shi mahaifina ke sanin shigar azahar. Sau ɗaya kawai na riƙa karanta allura a yini, a daidai lokacin nan, sauran na bar su. Da Dokta ya dawo na nuna masa, ya ce za mu duba daga baya. Ba mu duba ba.

Kreg ya ce, "To ai da sauƙi. Tsakar rana ƙarfe sha biyu ke nan." Ya buɗe aljihun tebur ya fito da kwalbar tawada irin wadda nake amfani da ita a Sakkwato, da alƙalami. "Cike su da hannunka. Sha biyu, sha biyu, har ƙasa."

Na ce, "Ban ga sha biyu a agogo ba."

"Wa zai sani?"

"Kuma a Sakkwato rana ba ta raba tsaka da sha biyu. Da kaka tana wucewa da kusan rabin sa'a. Kowane ladan ya san haka."

Kreg ya dubi Dokta, ya ce, "Ka ji? Ladan. Za mu je gaban editan mujallar da ta fi kowace tsanani a ƙasar nan, mu ce masa kwanakin da duk rubutunmu ya dogara a kansu da sanda aka auna su. Wata biyu da suka wuce ya maido wa wani babban farfesa rubutunsa saboda layi ɗaya."

Dokta yana tsaye a taga, ya ba mu baya. Na ce, "Dokta, doka ta uku taka ce."

Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ba zan tilasta maka ba, Haliru. Amma idan aka ƙi rubutun nan, tasha ba ta da sauran amfani a idon kowa. Ni kuma ban san abin da zan rubuta a takardar shaidarka ba. Ka yi tunani zuwa Litinin."

Ba zan ɓoye ba, na ɗauki alƙalamin. Na riƙe shi har tawada ta ɗiga a kan takardar tsotse. Na tuna matata da 'ya'ya biyu, na tuna mutanen unguwa da suka raka ni tashar mota suna cewa ɗan Ladan zai dawo shugaba. Sannan na ajiye shi, na rufe littafin, na mayar cikin akwati na kulle. Kreg ya ce littattafan na jami'a ne. Na ce idan haka ne a zo a cire makullin daga wuyana.

Ranar Lahadi Ɗanjuma ya zo ziyara, na kwashe duka na faɗa masa a ɗakin girkin Misis Garsaid.

"Rubuta musu mana!" ya ce. "Takardarsu ce, allurarsu ce, ƙaryarsu ce. Kai ina ruwanka?"

"Hannuna na, Malam Ɗanjuma."

"Hannunka zai ci abinci ko ba zai ci ba? Ka koma gida babu takarda, ka ce wa mutane me? Ka je Ingila ka yi gardama a kan inuwa?"

"In ce musu abin da na gani."

Ya kurɓi shayi, ya dube ni. "Wallahi taurin kan Basakkwace ya fi ƙarfen jirgi. To idan sun kore ka, ka zo. Zuba gawayi ba ya buƙatar agogo."

Misis Garsaid ba ta jin Hausa, amma ta ga fuskokinmu. Na yi mata bayani a taƙaice. Ta tashi ta zare sandar tsintsiyarta ta katako, ta ɗauko ƙullin zaren saƙa ja, ta ajiye a gabana. "Idan ba su yarda ba, nuna musu," in ji ta. "Amma ka dawo mini da sandata."

Ranar Litinin na ce wa Dokta ba zan cike ba. Kreg ya ce to a cire littafi na goma sha biyar, a ce ya ɓace a teku. Na ce na ƙirga su kullum a teku, kuma duk wanda ya tambaye ni zan faɗa. Wasiƙar edita ta riga ta ce idan mai awon yana ƙasar, a zo da shi. Babu yadda za su yi. Daga ranar Dokta bai sake gaishe ni da suna ba.

Zango na huɗu: Landan

Mu uku muka shiga jirgin ƙasa, ni da Dokta da Kreg. Ofishin mujallar a hawa na uku yake, kuma tun daga matakala ake ganin ɗaurin takardu jingine da bango, kowane da tambarin wata ƙasa, duk suna jiran a duba su. Editan tsoho ne siriri, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Bai yi mana tayin shayi ba. Ya ce a ɗora littattafan.

Ya fi sa'a yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Inda na yi kuskure na ja layi na rubuta daidai a gefe, sai ya tsaya ya duba, ya wuce. Da ya kai na goma sha biyar ya tsaya. Dokta ya fara bayani, editan ya ɗaga hannu.

"Wa ya rubuta?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Me ya sa babu lokaci?"

Na faɗa masa, daga tsayawar agogo har zuwa layin inuwa. Kreg ya ce a hankali, "Ana iya ɗauka sha biyu ne." Editan ya juyo masa da kunnen da ke ji. "Ana iya ɗauka? A nan ba ma buga abin da ake iya ɗauka." Sannan ya dube ni. "Abin da ka faɗa hanya ce tsohuwa, na san ta a littafi. Abin da ban sani ba shi ne ko kai ka iya ta, ko bayan an gama ka ƙirƙiro labarin. Ranar Asabar nake rufe fitowa ta gaba. Akwai fili a saman ginin nan. Ba ni agogon hannunka."

Na kwance agogon da na saya a Ingila na ba shi. Ya sa a aljihun tebur.

"Ka nuna mini tsakar rana. Idan ka kuskure da fiye da minti biyar, zan maido da rubutun gaba ɗaya, kuma zan rubuta dalili."

Ranar Litinin ce. Ina buƙatar rana biyu: ɗaya mai haske safe da yamma don in ja layi, ɗaya mai haske da tsaka don in nuna.

Talata, hadari. Na hau saman ginin duk da haka, na zaɓi wuri, na zuba ruwa don in ga ko shimfiɗe yake. Na kafa sandar tsintsiya a cikin bokitin yashi, na rataya makullina da jan zare a gefenta har na tabbata ta miƙe. Na zana da'ira uku da alli, ba ɗaya ba, don ban yarda da ranar garin ba.

Laraba, ruwa tun safe, ya wanke allin. Da ya tsagaita na sake zanawa, wannan karon na karta da ƙusa.

Alhamis da hantsi gajimare ya yage. Inuwa ta fito doguwa, ba irin tamu ba, shara-shara kamar ba ta so. Na tsuguna. Ta wuce da'irar waje cikin gajimare, ban gani ba. Ta biyu ma haka. A ta uku na ga kanta ya taɓa, na yi alama. Daga nan sama ta rufe. Na zauna a wurin, ban sauka cin abinci ba, don idan lokacin ya wuce ba ya dawowa. Dokta ya hau sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi sama, ya sauka. Da la'asar ta gabato, haske ya ɓullo ta ƙarƙashin gajimaren kamar na tsawon karatun Fatiha uku. Inuwar tana dab da da'irar ciki. Na riƙe numfashi har ta taɓa, na yi alama. Na raba tsakani da zaren Misis Garsaid, na ja layi.

Juma'a ita ce ta ƙarshe. Muka hau mu huɗu. Editan ya tsaya a bayana da agogon aljihu da littafin lissafin rana, ya juya fuskar agogon ga ƙirjinsa. Rana na fita tana ɓuya. Kreg ya ce, "Ai ta wuce." Ban dube shi ba. Na cire takalma kamar yadda mahaifina ke yi, sanyin dutsen ya huda mini ƙafa. Inuwa ta ɓace, ta dawo, saura faɗin yatsa biyu. Ta sake ɓacewa. Da ta dawo, saura kaurin zare. Na ji bakina yana cewa bismillahi.

"Yanzu."

Editan ya dubi agogo, ya dubi littafinsa, ya rubuta wani abu. Ya mayar da alƙalami aljihu.

"Minti biyu." Ya juya ga Dokta. "Tunda mun san zawali ne, littafin nan zai ba mu lokacin kowace rana a Sakkwato. Da an rubuta sha biyu, da kun kawo mini ƙarya talatin da ɗaya."

Na ce, "Yallaɓai, ashirin da tara ne. Kwana biyu an yi hadari, ban ga inuwa ba. Na karanta allura bisa zato, na sa ɗigo a gefensu."

Na ga Dokta ya runtse ido. Editan ya sa aka hawo da littafin, ya nemo ɗigon biyu, ya ja musu layi da jan alƙalami. "Waɗannan ba za su shiga ba. Sauran za su shiga, da bayanin yadda aka auna su, da sunan wanda ya auna." Ya maido mini da agogona. "Sa takalmanka, kada ka mutu a saman ginina."

Muka shiga jirgin komawa har muka yi nisa. Sannan Dokta ya ce, "Haliru." Na ce na'am. Rabonsa da kiran sunana tun ranar da na ƙi cike shafin. Takardar shaidar da ya rubuta mini layi huɗu ce, babu yabo a ciki, amma ya sa hannu. Na mayar wa Misis Garsaid sandarta. Kwat ɗin kuwa Ɗanjuma ya ƙi karɓa, ya ce in kai Sakkwato a riƙa nuna wa jikoki.

Zango na ƙarshe: gida

Na dawo ana shirin bikin mulkin kai, aka ba ni makullin tasha. Bayan wata uku mujallar ta iso gidan waya, wannan karon da sunana a kan ambulan. Na kai wa mahaifina. Na same shi a farfajiyar masallaci da hantsi, idonsa ya fara rauni, yana tsugune kusa da sandarsa. Na buɗe shafin, na fassara masa: cewa a waɗannan kwanaki an san lokaci ta hanyar inuwar sanda, yadda ladanai ke yi a Sakkwato, kuma an gwada mai awon an same shi daidai.

Ya karɓi mujallar, ya auna nauyinta a hannu. "Duk malamansu na karanta wagga?"

"Duka, Baba. Har na wasu ƙasashe."

"Kuma sun gwada ka."

"Sun gwada ni."

"Da minti nawa kak kuskure?"

"Biyu."

Ya ɗago kai. "Biyu? Gaban baƙi?"

Na ce ranar can ba irin tamu ba ce, gajimare ne ko'ina.

"Rana guda ta, Haliru." Ya miƙo mini mujallar, ya nuna ƙasa da haɓa. "Aje wagga. Tuɓe takalma, tsuguna nan. In ta hau layi ka hwaɗa min, in ji ko Ingila ta lalata ma ido."

Na ajiye ta a kan tabarma, na tsuguna kusa da shi. Inuwar baƙa ce wuluk, gefenta kamar an yanka da wuƙa. Da ta kwanta a kan layin na ce, "Yanzu." Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ƙasa, ya daɗe yana dubawa. Bai ce na yi daidai ba. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ɗan jira ta gota, sannan ya sa yatsu a kunne ya kira salla.